'YAN KALLO SU NE HAƊARI NA BIYU

Akwai wata muguwar ɗabi'a da ta yi katutu a kan hanyoyin ƙasar nan, wadda saboda yawan aikata ta har an daina ganin muninta. Da wuya a ji liman ya ɗauko ta a huɗuba, da wuya a ji mai wa'azi ya tsaya a kanta, alhali kuwa tana da hannu dumu-dumu a cikin asarar rayukan Musulmi, kamar yadda gudun wuce sa'a da ramukan titi suke da shi. Wannan ɗabi'a ita ce kallon haɗari.

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko Kaduna zuwa Zariya, ko Zariya zuwa Kano, ya san yadda abin yake. Ana cikin tafiya sai a ga layi ya tsaya cak. A yi rabin awa, a yi awa guda ana jan ciki, rana na dukan mutane, yara na kuka, inji na tafasa. Sai an iso wurin a tarar motar da ta faɗi tana can cikin daji, ko ma a ɗaya hannun titin take, ba ta tare wa kowa hanya ba. To me ya tsayar da jama'a? Ido ne kawai. Kowane direba in ya zo daidai wurin sai ya taka birki, ya sauke gilashi, ya leƙo da kai, fasinjoji su yi ca a kan taga ɗaya, a yi salati, a ƙirga gawawwaki, sannan a taka mota a wuce ba tare da an miƙa wa kowa ko da ƙyalle ba. Na bayansa da ya gama zaginsa, shi ma in layi ya zo kansa abin da zai yi ke nan.

Wajibi ne a faɗa wa matasan Musulmi gaskiya, tunda su ne direbobin, su ne yaran mota, su ne 'yan acaɓa, su ne kuma masu wayoyin da ake ɗagawa sama. Musulmi yana da zaɓi biyu ne kacal a wurin haɗari: ko dai ya sauka daga kan titi ya tsaya ya taimaka, ko kuma ya wuce ya bar hanya a buɗe. Zaɓi na uku, wato rage gudu don cika ido, cutar da bayin Allah ne, ko da kuwa an lulluɓe shi da salati.

YADDA IDO KE RUFE HANYA

Mai kallo zai ce ai daƙiƙa biyu ko uku kawai ya yi, me daƙiƙa uku za ta rage wa wani? To ga lissafi, wanda ko ɗan aji uku na sakandare zai iya bi. A ɗauka layi ɗaya na titi yana wuce da mota ɗaya a duk daƙiƙa biyu, wato mota 1,800 a awa. Idan kowane direba ya ƙara daƙiƙa biyu kacal don ya leƙa, layin ya koma wuce da mota 900 a awa, alhali na baya ba su fasa zuwa ba. Cikin minti goma mota 150 sun taru. A ba kowace mota mita bakwai, an samu layi mai tsawon fiye da kilomita guda. A bar abin ya kai awa ɗaya, layi ya haura kilomita shida. Babu wanda ya yi nufin tsayar da kowa a cikinsu, amma kowa ya zuba nasa kason, kamar yadda ake tara kuɗin adashi.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2008 wasu masana a ƙasar Japan sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi. Sun jera mota 22 a kan wata hanya mai da'ira, tsawonta mita 230, suka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Babu rami, babu shingen bincike, babu haɗari. Ba a jima ba cunkoso ya haɗu da kansa, saboda kawai wani ya ɗan rage gudu, na bayansa ya taka birki fiye da shi, na bayan wancan ya fi shi takawa, har aka samu waɗanda suka tsaya cak. Suka kuma lura cunkoson yana tafiya da baya-baya, kimanin kilomita 20 a awa. Ma'ana, birkin da mutum ya taka a nan yana komawa baya yana dukan mutanen da bai taɓa gani ba, yana can ya yi nisa yana ba da labari, su kuwa suna nan suna biyan bashin da ya ci. Idan wannan ya faru a hanyar da babu abin kallo, ina ga inda kowa da gangan yake taka birki?

WA KE BIYAN KUƊIN KALLON?

Na farko shi ne wanda ke kwance cikin jini. Likitoci sun tabbatar cewa wanda babbar jijiyar jininsa ta yanke yana iya cikawa cikin 'yan mintoci idan ba a danne wurin ba. Wanda jini ke zuba a cikin cikinsa kuwa babu abin da zai cece shi, bayan ikon Allah, sai a kai shi gaban likita da wuri. Motar asibiti ko ta jami'an kiyaye haɗurra ba ta da fiffike. Ta cikin wannan layi na kilomita shida za ta biyo, tana jiniya ana kallonta, domin babu inda za a matsa mata. Ta iso kuma ta tarar da mutum ɗari sun yi wa mai rauni zobe, sun tare masa iska, kowa na ba da fatawa, babu mai durƙusawa.

Na biyu su ne waɗanda ke cikin layin. A cikin motocin nan akwai mai naƙuda da aka ɗauko daga ƙauye, akwai tsoho da ake gaggawar kaiwa asibitin koyarwa na Shika, akwai ɗan kasuwa da tumatirinsa ke ruɓewa, akwai wanda La'asar da Magariba za su kuɓuce masa yana zaune a kan kujera. Duk waɗannan masu haƙƙi ne, kuma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kawai sai mai shi ya yafe. Ina mai kallo zai gan su ya nemi yafiya?

Na uku shi ne wanda haɗari na biyu zai ci. Direban da ya juya kai yana kallon gefe, motarsa ba ta daina tafiya ba. Tirelar da ta ɗauko buhu ɗari shida ba ta tsayawa nan take don an taka mata birki. In ta ɓullo daga kwana ta tarar da wutsiyar layi a gabanta, sai dai wani ikon Allah. Ga kuma marasa haƙuri da ke tsallakawa su bi hannun da ba nasu ba, su je su yi gaba-da-gaba da masu zuwa, ko su toshe ɗaya hannun shi ma, hanya ta rufe ruf ta ko'ina. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanyoyi duk shekara, kuma haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato 'yan'uwa matasa, ku ake nufi. A Nijeriya, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna sama da mutum 5,000 sun mutu a 2024 kaɗai. Wanda ke leƙe ta taga yau, babu wanda ya ba shi takardar cewa gobe ba shi za a leƙa ba.

SABUWAR MASIFA: WAYA A HANNU

Da can mai kallo idonsa kaɗai yake cikawa. Yanzu kuwa ya zama ɗan rahoto. Mace Musulma na kwance, zaninta ya yaye, hijabinta ya yage, ba ta san inda kanta yake ba, sai ga ƙato ya tsaya a kanta yana gyara wa waya zama don hoto ya fito da kyau. Hannun da zai cire riga ya rufa mata, shi ne yake riƙe da waya. Kafin a kai gawa asibiti, hotonta ya zagaye WhatsApp da Facebook da TikTok, an rubuta addu'a a ƙasa don a halatta ɓarna. Uwa nawa ce ta fara sanin mutuwar ɗanta ta hanyar ganin fasasshen kansa a wayar maƙwabta? Wane irin bushewar zuciya ne wannan?

A duba yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da gawar Mus'ab bin Umair (RA) ranar Uhudu. Bukhari ya ruwaito cewa ba a samu abin da za a rufe shi da shi ba sai mayafi guda gajere, in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Sai Ma'aiki (SAW) ya yi umarni a rufe kansa da mayafin, a sa ciyawar izkhir a kan ƙafafunsa. A fagen yaƙi ke nan, cikin rauni da baƙin ciki, amma bai yarda a bar ko da tafin ƙafar Musulmi a buɗe ba. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Uwar Muminai A'isha (RA) hadisin da ke daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Alfarmar Musulmi ba ta mutuwa tare da shi. To wane ne ya halatta wa ɗan wannan zamani abin da aka haramta a Uhudu?

Abin kunya shi ne waɗanda ba su da wannan shiriya sun gano abin da ƙwaƙwalwarsu. A Jamus doka ta wajabta wa direbobi su buɗe hanya a tsakiya don motocin ceto da zarar cunkoso ya haɗu a babbar hanya, kuma tun farkon 2021 ɗaukar hoton da ke tozarta gawa laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara biyu. A Ingila har labule ake kafawa a wurin haɗari don a kare shi daga idon masu wucewa. Su tsoron tara da ɗauri ya hana su. Musulmi da aka ba shi tsoron Allah fiye da shekara 1,400 da suka wuce, me zai hana shi?

DAGA KALLO ZUWA ƊIBA

Taro da kallo yake farawa. Mutum ɗaya ya tsaya, goma su tsaya don sun ga ya tsaya, ɗari su sheƙo don sun ga goma. Idan abin da ya faɗi tankar mai ce, a nan ne kallo ke rikiɗewa ya zama kwaɗayi, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur ta faɗi a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Jama'a suka taru, aka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, aka yi musu kabarin bai-ɗaya. Wata uku kacal bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko da ke jihar Neja, kusa da Suleja, inda sama da mutum 80 suka ƙone. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce a cikin mamatan 2024, sama da 400 ba faɗuwar mota ce ta kashe su ba, wutar ɗibar mai ce. Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Ya kamata kowane matashi ya san cewa tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka bin ƙasa yake yi yana malala nesa da inda man ya zube, ido kuma ba ya ganinsa. Tartsatsi ɗaya daga janareta, ko salansar babur, ko guntun taba, ya isa. Wuta in ta tashi ba ta tambayar wa ya zo ɗiba, wa ya zo kallo. Man nan kuma dukiyar wani ce. Faɗuwar mota ba ta mayar da haram halal, haka nan buhun shinkafa ko katan ɗin taliya da ake wawushewa direba na maƙale a cikin ƙarfe yana neman ceto.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Wani zai ce wa'azi yake ɗauka, ai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. To a tambaye shi: bayan ya wuce wurin da kilomita biyu, gudu nawa yake yi? Kowa ya sani, da zarar an fita daga cunkoso sai direba ya take totur har ƙasa don ya rama lokacin da ya ɓata, fasinjojin da suka gama salati su ne masu ce masa ya ƙara wuta. Ina wa'azin ya tafi? Mai neman tuna mutuwa, maƙabarta na nan a buɗe, an kuma sunnanta ziyartarta, babu wanda zai tare wa hanya a can.

Wani zai ce yana dubawa ne ko da wani nasa a ciki. In da gaske yake, sai ya sauka gefe nesa da wurin, ya tako da ƙafa, ya zo da niyyar ɗaukar duk wanda ya tarar. Kuma wanda ke kwance ɗin, in ba ɗan gidansu ba ne, ai ɗan'uwansa ne a Musulunci, in ma ba Musulmi ba ne ɗan Adam ne mai rai, aya ta 32 a Suratul Ma'ida kuwa ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya.

Wani zai ce tsoron hukuma ne ya hana shi taimako: ka kai mutum asibiti a ce sai ka kawo ɗan sanda, in ya cika a hannunka a riƙe ka. Wannan tsoro yana da asali, kuma yana daga cikin zaluncin tsarin da talaka ke rayuwa a ƙarƙashinsa. Amma a sani cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane irin dalili. Haƙƙi ne, sai a san shi a kuma tsaya a kansa, a je mutum uku ko huɗu tare don a zama shaidun juna. Sannan ko an karɓi wannan uzuri, uzuri ne na rashin ɗauka, bai zama lasisin tsayawa kallo ba. Mai tsoro sai ya wuce.

Wani kuma zai ce duk laifin gwamnati ne. Babu mai wanke azzalumai a nan. An ba da kwangilar gyaran hanyar Abuja zuwa Kano a ƙarshen 2017, amma har 2024 ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bai kammalu ba, sai da aka soke kwangilar. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 ta shafe shekaru a kwance, bututun mai sun lalace, shi ya sa ake jigilar wuta a kan taya ta tsakiyar garuruwan talakawa. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a 2024, har yunwa ta sa mutum yana ganin mutuwa yana tunkararta da bokiti. Duk wannan gaskiya ne, kuma masu mulki za su amsa tambaya a kansa gaban Allah. Amma ba minista ne ya taka birkin ba, ba gwamna ne ya ɗaga wayar ba. Mai da'awar yaƙi da zalunci, in ya kasa hana idonsa da ƙafarsa zaluntar mai naƙudar da ke bayansa, da wane baki zai yi wa Fir'aunonin zamani magana? Gyara daga kai yake farawa.

HAƘƘIN HANYA

Musulunci bai bar wannan fage babu hukunci ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Da suka nuna ba su da makawa, domin nan ne wuraren hirarsu, sai ya sharɗanta musu su ba hanya haƙƙinta, ya lissafa runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. A lura da biyun farko. Mai kallon haɗari da taka birki ɗaya yake karya su duka: ya saki idonsa a kan al'aurar da ta buɗe ba da son mai ita ba, ya kuma jefa cuta a kan duk wanda ke bayansa. An ruwaito kuma cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, har an gafarta wa wani mutum saboda reshen ƙaya da ya janye daga kan hanya. Idan janye ƙaya na jawo gafara, mene ne matsayin wanda ya mayar da kansa da motarsa ƙayar?

Ceton wanda ke cikin halaka farilla ce ta kifaya. Idan waɗanda suka isa sun tsaya, ta faɗi a kan saura, aikinsu shi ne su wuce. Idan babu wanda ya tsaya, duk mai iko da ya gani ya wuce yana da kason zunubi. Saboda haka kallo ɗaya ne ya halatta ga direba, shi ne na sanin ko akwai masu taimako ko babu.

Idan akwai, ya riƙe hannunsa, ya bar tazara, ya sa ido a gabansa, ya yi musu addu'a yana tafe, domin addu'a ba ta buƙatar birki. Ya ji jiniya ya matsa gefe. Fasinja ya ce a tsaya a gani, a gaya masa ya ji tsoron Allah.

Idan babu, ya wuce wurin kaɗan, ya sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ya kunna fitilun gargaɗi. A tura mutum baya da nisa ya sa alama ya riƙa tsayar da masu zuwa. A kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra, ko 112 ta agajin gaggawa. Wannan shi ne aikin waya a wurin. A kashe injin motar da ta faɗi, a hana shan taba. Mai zubar jini a danne masa wurin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, kada a saki. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko gadon baya kada a finciko shi kamar buhu, sai in wuta ake gudu. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. A rufe mata, a rufe gawawwaki, a tattara kayan mutane a damƙa amana. Mutum biyu su tsaya suna kora motoci gaba, suna watsa 'yan kallo. In kuwa tankar mai ce, taimako ɗaya ne: a yi nesa, a kuma kori jama'a su yi nesa, a bar wa 'yan kwana-kwana aikinsu.

Wannan aiki na matasa ne. Kowace unguwa da ke bakin babbar hanya, kowace tasha, kowace makarantar Islamiyya ta dare, ya kamata a samu 'yan'uwa da suka koyi taimakon farko a wurin ma'aikatan lafiya da 'yan agaji, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu zuwa tasha su kai wannan magana ga shugabannin direbobi, ɗalibai su kai ta ga malamansu don ta hau mumbari. Wanda aka turo wa hoton gawa kada ya tura gaba, ya goge, ya kuma yi wa wanda ya turo nasiha.

Ranar da za a tambayi ji da gani da zuciya abin da suka aikata, ba za a karɓi cewa kowa ma yana yi ba. Allah Ya tsare Musulmi a kan hanyoyinsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sanya matasan wannan al'umma cikin masu ceto, kada Ya bar su cikin 'yan kallo. Amin.